Zanen kare da kyanwa a watan Disamba: in karɓi aikin gaggawa ko in ƙi?

Mai Zane, Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni riƙe burushi, da ma duk mai abin cewa. Ainihin sana'ata rubutun allon shago ce da zanen bango, amma da Disamba ta kama sai wani aiki daban ya taso: mutane su turo hoton karensu ko kyanwarsu, a zana a kan ƙyalle, a sa a firam, su ba wani nasu kyautar Kirsimeti ko ta sabuwar shekara. Yawanci ma'aikata ne 'yan kudu da aka turo nan arewacin Kamaru, sai masu aiki da ƙungiyoyin agaji, wani lokaci har daga Injamena saƙo ke zuwa. Kowa kuma maganarsa ɗaya, a gama kafin 24 ga wata.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Wata baiwar Allah ta zo, karen mahaifinta ya mutu da damina, tsohon kuma har yanzu bai daina zancensa ba. Tana so ta kai masa zanen karen Yawunde, za ta shiga jirgin ƙasa a Ngaundere kafin bikin. Hoto ɗaya tak gare ta, da dare aka ɗauka da hasken waya. Karen baƙi ne wuluk, ba ka gane inda kunne ya ƙare da inda wuya ya fara, idanun kuma sun koma kore suna walƙiya. Ta dage sai fentin mai, don ta ji an ce shi ne na ainihi. Kwanakin da suka rage ba su da yawa, ga wasu ayyukan a gabana.

Ina buƙatar kuɗin, Janairu na tafe da hidimar makarantar yara. Amma raina bai kwanta ba. In karɓa ko in ba ta haƙuri?

Tsohon Mai Fenti, Marwa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, fentin mai a wannan ƙurarren lokaci kada ka soma. Zanen za ka iya gamawa, bushewar ce ba ta hannunka. Fentin mai ba ruwa ne ke ƙafewa a cikinsa ba, balle ka ce iskar hunturu za ta taimake ka. Man ne ke shan iska sannu a hankali har ya daskare, kwanaki yake ɗauka, inda ka yi kauri kuwa sai makonni. Baƙi da fari suna cikin launukan da suka fi nawa, kai kuma baƙin kare za ka zana. Sai ƙura. Ka fi ni sanin Garwa a Disamba, ka goge tebur da safe, kafin azahar ka iya rubuta sunanka a kai da yatsa. Duk ƙurar da ta sauka a kan ɗanyen fenti ta zauna ke nan. Man sheƙin da ake shafawa a ƙarshe ma, ƙa'idarsa sai zanen ya yi kamar wata 6.

Ka yi mata da akirilik. Shi da ruwa ake sirka shi, cikin 'yan mintoci ya bushe. Matsalarsa a hunturu ita ce yana bushewa tun a bakin burushi. Ka sami faranti mai faɗi, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma, ka ɗora takarda mai santsi a kai, sannan ka zuba launukanka a kan takardar, ka riƙa yayyafa ruwa. Ka kuma tuna yana ƙara duhu in ya bushe. In ta ƙi ji sai mai, ka yi ƙasan da akirilik, ka bi ido da hanci da mai siriri. Mai a kan akirilik yana zama, akirilik a kan mai ɓarewa yake yi.

Ɗan Kasuwa, Kusuri:
Ni ban san fenti ba, na san ciniki. Karɓi aikinka, Malam. Amma rabin kuɗi kafin alƙalami, ta Orange Money ko MTN, kafin ka taɓa ƙyalle. Aikin gaggawa kuma kuɗinsa daban, haka tela yake yi, haka mai gyaran waya yake yi. Ku masu aikin hannu kunya ce ke cin ribarku. Masu turo maka daga Injamena ma ka gaya musu haka, ai sefa ɗaya muke kashewa da su, babu zancen canji.

Mai Neman Sani, Ngaundere:
Ku yi haƙuri zan shigo da abin da ba a tambaya ba. Kuna ta zancen bushewa da kafin alƙalami, ba wanda ya tambayi ko sana'ar ma ta halatta. Zanen abu mai rai fa. Kuma kare. An ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko hoto, ga shi an haɗa biyun a abu ɗaya. Ba don in ɓata wa ɗan'uwa rai na faɗa ba, tsoro nake ji masa.

Malamin Zaure:
Allah ya saka maka da alheri, tambayarka tana kan hanya, kuma hadisin da ka kawo ya inganta. Amma mas'alar tana da saɓani, bai kamata a ɓoye ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, wadda kusan duk mun karanta a zaure, ya ce an karhanta surori a jikin gadaje da bangaye da zobe, ya ce zanen da ke jikin tufa ba ya cikin wannan, sai dai barinsa ya fi. Malaman Malikiyya da suka yi sharhi sun bambanta: abin da suka ce haramun ne shi ne sura mai jiki, mai inuwa, cikakkiyar gaɓoɓi, irin gunki. Wadda aka zana a shimfiɗe a takarda ko ƙyalle sun tsaya a karhanci. Wasu malaman kuma sun hana duka, hujjarsu har da abin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa Ibn Abbas ya gaya wa wani mai zane, in dole ne sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Magana ce mai nauyi, wanda ya bi ta ya fita daga shakka.

Batun kare kuma daban. Risalar ta yarda a ajiye shi don gona da kiwo da farauta, kuma a mazhabar Malik jikin kare mai rai ba najasa ba ne. Hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa shi ma ingantacce ne. Ni ba fatawa nake bayarwa a waya ba. Ɗana, ka zauna da malamin da ka amince da shi a unguwarku, ka faɗa masa aikin yadda yake.

Mai Zane, Garwa:
Allah ya gafarta Malam, na gode. Na zauna da malamina tun lokacin da aikin ya fara zuwa mini, abin da muka tsaya a kai shi ne kai da ƙirji kawai nake zanawa, ba na cika jiki, kuma ba na sassaƙa ko gini da yumɓu ko nawa za a ba ni. Ɗan'uwana na Ngaundere, ban ji haushi ba ko kaɗan. Na san akwai waɗanda ko hakan ba za su yi ba, ina girmama su.

Mai Neman Sani, Ngaundere:
Na ji. Ni dai ina tare da masu hanawa, amma na gamsu ba da ka kake yi ba. Allah ya datar da mu.

Ɗan Kasuwa, Kusuri:
To tunda an wuce nan, mu koma kan hoton. Ni ban ga abin damuwa ba. Baƙin kare ai baƙin kare ne. Ka shiga intanet ka samo mai kyau, ka zana, ka rubuta sunan marigayin a ƙasa. Tsoho ne, zai ji daɗi an tuna da shi, shi ke nan.

Maman Yara, Garwa:
A'a Alhaji, nan kam ban yarda ba. Ni Kirista ce, a Garwa aka haife ni, kuma ni ma na taɓa ba da irin wannan aikin, na kyanwar 'yata. Da aka kawo zanen, yarinyar ba ta kalli launi ba, ba ta kalli firam ba. Kunnen hagu ta fara dubawa, don akwai wata 'yar tsaga da muzuru ya yi mata. Da ta ga tsagar sai ta rungume zanen. Da babu tsagar nan, da kyanwar wani aka kawo mana. Wanda ya yi shekaru yana zuba wa dabba abinci da hannunsa ya san fuskarta sarai. Tsohon nan ba zai ce komai ba saboda kara, zai yi wa 'yarsa godiya, sannan ya kife zanen a bayan kabad. Ita kuma ta biya kuɗi ta sayo masa baƙin ciki.

Mai Zane, Garwa:
Mama, kin faɗi abin da ke raina na kasa furtawa. Ba lokacin ne ya fi damuna ba, ba kuma fentin ba. Ni ban san karen nan ba, hoton kuma bai nuna mini shi. Abin da ake biyana a kai shi ne mai dabba ya kalla ya kira sunanta. In ba zan iya kawo wannan ba, me na sayar? Alhaji, zan iya yin abin da ka ce cikin yini guda, amma ha'inci ne, ko da ba wanda ya kama ni.

Ɗan Kasuwa, Kusuri:
Ban kalle shi ta nan ba. Amma maganar kafin alƙalami tana nan, ban janye ta ba.

Ɗalibar Zane, Marwa:
Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in sa baki. Yaya Mai Zane, kafin ka yanke, ka tambaye ta yadda hoton ya iso gare ta. WhatsApp yana matse hoto in an tura shi ta hanyar da aka saba, yana zubar da wani ɓangare na abin da ke ciki. In ainihin hoton yana wayar wani a Yawunde, a turo maka shi ta wurin da ake tura fayil, za ka ga bambanci. Ka kuma ce ta tambayi 'yan gidan, musamman yara. Da wuya a ce kare ya yi shekaru a gida bai faɗo cikin bidiyon biki ko hoton suna ba, ko a gefe ne. Bidiyo ma ya fi, don za ka ga yadda yake karkata kai.

Koren idon ba launinsa ba ne. Kare da kyanwa suna da wani shimfiɗi a can bayan ido mai mayar da haske, shi ke taimaka musu gani da dare, shi ne hasken waya ya daka. Idon yawancin karnuka ruwan ƙasa ne, amma ka tambaya, mai duhu ne ko mai kama da zuma.

Baƙin gashi kuma kada ka ɗebo baƙi daga kwalba ka shafa, zai fito kamar rami. Ka haɗa shuɗi mai duhu da ruwan ƙasa mai duhu, sai ka sami baƙi mai rai, kana iya karkata shi ya yi sanyi ko ya yi ɗumi. Inda haske ya sauka, a goshi da doron hanci, shuɗi-shuɗi ne ko toka-toka. Burushi ya bi inda gashi ya kwanta. Ɗigon farin nan na cikin ido shi ne na ƙarshe, kuma ya kasance ta gefe ɗaya a idanun biyu. Ga masu dabba da rai, ka ce su durƙusa daidai tsayin idonta su ɗauka, da safe ko a inuwa, ban da filashi.

Tsohon Mai Fenti, Marwa:
Madalla da 'yata. Abin da muka koya da ɓarnar fenti, ga shi kin zayyana shi tsaf. Ƙari ɗaya: bayan baƙin kare kada ya yi duhu, ka ba shi launin ƙasa mai haske, kunnuwan za su fito da kansu.

Hajiya Mai Lalle, Marwa:
Ɗana, halin da kake ciki irin namu ne a jajibirin sallah. Kowace mace tana so a yi mata a daren, kuma lalle ba ya kamawa don ana sauri. Ni tun da wuri nake rufe suna, wadda ta zo daga baya in ba ta haƙuri, ko 'yar uwata ce. Da farko suna fushi, daga baya su ne ke riga kowa zuwa. Sauri ya haifi nawa. Ka sa ranar rufewa, ka rubuta a ƙofar shago da kan wayarka. Kuma ina so in ce wa masu ganin abin kamar almubazzaranci, mahaifiyata tana da akuyar da ta hana a sayar har ta tsufa ta mutu, ranar ba ta ci abinci ba. Son dabba ba na Turawa ba ne su kaɗai.

Ɗan Barga, Garwa:
Hajiya ta gama magana. Mu da muka tashi a barga mun san wannan. Ku zo hawan sallah a ƙofar Lamiɗo ku ga yadda mutum ke kashe wa doki abin da bai kashe wa kansa ba, daga sirdi da linzami zuwa jalala. Mai doki ba ya cewa "dokina fari ne ko baƙi ne". Zai ce kili ne, ko bidi, ko hurde, ko akawal, ko danda, kowanne da kamanninsa. Ka zana masa bidi alhali nasa kili ne, ko kyauta ka ba shi ba zai karɓa ba. Farin goshi ma kowane doki da irin nasa, wani ɗigo, wani ya zubo har hanci.

Malam Mai Zane, ni tambayata ita ce me ya sa kake jiran Disamba? Ga masu dawaki, ga masu kiwon ragunan Balami da Uda da suke ɗaukar hoto da su kafin layya, ga yaran da ke kiwon tantabara. Sallah biyu gare mu a shekara. Ba su san kana yi ba ne kawai.

Bakon Zaure, Injamena:
Ina karantawa tun ɗazu, ina jin daɗi. Zanen dabba a wannan yanki namu ya girmi duk wata muhawara da muke yi. A duwatsun Ennedi, arewa maso gabashin Chadi, akwai zanen shanu da raƙuma da mahaya dawaki a jikin kogo, wasu sun yi dubban shekaru, UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2016. Masu zanen nan makiyaya ne, kuma ba saniya kawai suka zana ba, sun bi ƙaho da dabbare-dabbaren jiki ɗaya bayan ɗaya. A Gawi, ƙauyen Kotoko da ke kusa da nan, mata ne ke yi wa bangon gidaje ado da launin ƙasa. Sannan ƙaron da Chadi ke fitarwa waje, wanda muke cikin manyan masu sayar da shi a duniya bayan Sudan, shi ne abin da ke riƙe launi a fentin ruwa da ake sayo mana da tsada. Ni burina in ga wani ya zana saniyar Kuri ta tafkin Chadi da kumburarren ƙahonta, in rataye a ofis. In ka shirya, ni ne na farko.

Mai Zane, Garwa:
Jama'a, ga inda aka kwana. Na kira ta na gaya mata gaskiya: da wannan hoton ba zan iya ba, fentin mai kuma ba zai bushe ya shiga jirgi ba. Ta yi shiru, sannan ta ce in ba ta zuwa dare. Ƙanenta ya tono bidiyon wani biki da aka yi a gidan, ga karen nan kwance a bakin ƙofa da rana tsaka. Ashe yana da farin gashi a haɓa da wani ɗan fari a ƙirji, kunnen dama kuma a karye yake, ba ya miƙewa. Duk wannan babu ko ɗaya a hoton farko. Ta yarda da akirilik, santimita 40 da 50, kai da ƙirji. Alhaji, ta biya rabi. Zan tura mata zanen fensir ta nuna wa ƙanen kafin in sa launi. Hajiya, na rufe karɓar aiki, mutum biyu da suka zo yau na ce sai Janairu, ɗaya ya yarda, ɗaya ya tafi. Ƙanwata ta Marwa, Allah ya ba ki ilimi mai amfani.

Kafinta, unguwar Yelwa, Garwa:
Saura nawa ɓangaren. Ka turo mini awon tun yau, kada ka bari sai ranar tafiya, mu ma aiki ya yi mana yawa. Katakon da ke zuwa daga kudu da danshinsa yake zuwa, in bai sha iska ba hunturu na taɓa shi sai ya murɗe, kusurwar firam ta buɗe. Ina da wanda ya daɗe a rumfa, da shi zan yi maka. Wajen ɗauri kuma, kada leda ta taɓa fuskar zanen, akirilik yana yin danƙo in ya ji zafi, ledar za ta bar masa tabo. A sa takarda mai santsi tukuna, sai kwali gaba da baya, a ƙara wa kusurwoyi huɗun kauri. Ka gaya mata ta riƙe shi a hannu daga nan har Ngaundere. In ta bari yaran ajans, wato kamfanin motocin fasinja, suka jefa shi saman mota tare da buhunan albasa suka ja igiya, aikinka da nawa duk sun tafi.

Ɗan Barga, Garwa:
Malam Mai Zane, ba ka amsa mini ba. Akwai wani kili a bargarmu da maigidan ke ji da shi, na yi masa zancenka ya ce a kawo ka. Ba hoto za mu turo ba, kai za ka zo ka gan shi.

Mai Zane, Garwa:
Yaya, in sha Allah bayan sabuwar shekara. Ka sa a fito da shi da hantsi kafin rana ta yi zafi, ba sirdi ba kwalliya, ragama kawai, ina so in ga wuyansa da goshinsa tukuna. Kafinta, awon yana wayarka.